Fitilar Katin da ke Mutuwa in Inna Ige Ta Zauna

Wannan abu da zan ba ku, wallahi ba a majalisa na tsince shi ba, kuma ba wani ne ya ba ni ba, da ni aka yi, hannuna dumu-dumu a ciki. Shekarun baya ne, lokacin nan da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Wanda ya zauna a jihar a lokacin ya san abin da nake nufi, wayarka ta koma tocila da rediyo, in kana son jin muryar ɗan'uwanka sai ka shiga mota ka miƙa hanyar Sakkwato har inda sabis ya fara kamawa. Ni kuwa ina gyaran kwamfuta a Talata Mafara, ba ni da shago nawa, jaka ce a kafaɗa, duk wanda tasa ta ƙi sai ya aiko a kira ni.

Kuma gara ku san irin mutumin da ke ba ku labarin. Ni ba na ɗaukar zancen aljanu a kan na'ura, haushi ma yake ba ni. Sau nawa ake kirana a ce an yi wa kwamfuta asiri, in kwance ta in tarar kyankyasai ne suka yi gida a ciki, ko ɓera ya ci waya. Har abokaina suna tsokanata, wai ko aljanin aka kamo mini da ransa cewa zan yi a sake masa direba. Direba a wurinmu ba mai tuƙa mota ba ne, 'yar manhaja ce da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da wani sashe na jikinta, in ta lalace sai sashen ya riƙa yin abin da ya ga dama, yau ya yi aiki gobe ya ƙi.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Bitrus, mutumin Zuru ne, Kirista, ya yi aikin gwamnati a wajen noman rani na Bakolori har ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida, ya ce ƙafarsa ta saba da Mafara. Ya buɗe shagon kwamfuta, 'yan ƙwarori jere a jikin bango, da faranti a kan rufi mai jawo intanet daga sama, ba ruwansa da layin waya. To da aka rufe layuka sai shagonsa ya zama kamar rijiya ɗaya a unguwa, kowa nan ya nufa, shi ya sa ya ce in riƙa wuni a wurin saboda ko-ta-kwana.

A cikin masu zuwa ne wata mata mai suna Dije ta shigo, daga Bakura. Su asalinsu mutanen Dosara ne, tashin hankali ya kore su, ta ɗauko mahaifiyarta, Inna Ige, ta ajiye ta a gidan mijinta. Ta gaya wa Baba Bitrus cewa tsohuwar ba ta da lafiya, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar, kuma tana da ɗa a Libiya, Lawali, yayan Dije, wanda ya sayar da shanun huɗar da ubansu ya bari ana gab da faɗuwar damina, ya yi guzuri da su ya tafi. Sun rabu da uwar baram-baram, shekaru ba ta yarda an ambace shi a gabanta ba. Yanzu da ta ji jiki ita da kanta ta ce a nemo mata shi ta yafe masa, shi kuma ba shi da takardu, ba halin dawowa, kuma an sha aika masa cewa ta huce yana cewa shi sai ya ji daga bakinta. Abin da Dije ke so kawai a haɗa su a kwamfuta su ga juna. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, muka rubuta masa saƙo, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar ce ba ya fita aiki.

Ranar Juma'a aka kawo ta a motar wani maƙwabcinsu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, fara, da zane a kumatu, aka rirriƙo ta aka zaunar a benci kusa da ƙofa. Na kira, ya shiga nan take, hoto tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Ga Lawali nan, ramamme, da gemu, a wani ɗaki mai katifu a ƙasa.

To a nan ne muka yi sakaci, dukanmu, kuma duk Bahaushe abin da zai yi ke nan. Lawali ɗan fari ne, kun san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ɗoki a kansa gaban mutane. Sai ta juya wa kwamfutar rabin baya, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Dije ta zauna a kujerar gaban kwamfutar aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina maigidanki, ina yara ɗaya bayan ɗaya, ina labarin mutanen Dosara, wa ya tsira, wa ya koma Maradun, wa aka binne. Aka gaisa da Baba Bitrus, aka gaisa da maƙwabcin da ya kawo su, har ni sai da aka gabatar da ni na tambaye shi ya sanyin can. Duk wannan lokacin layi bai ko yi tari ba. Sai can ya ce da ƙaramar murya, "Dije, Inna hwa?"

Dije ta ce, "Ga ta nan zamne, Yaya, tana jin ka."

Ta yafuto ta, tsohuwar ta kaɗa hannu alamar ku dai ku gama. Sai da aka yi ta lallashi kafin ta yarda aka ɗago ta aka ɗora a kujerar. Tana zama, kafin ta ɗaga kai, hoton ya daskare, jan kuros mai nuna intanet ya yanke ya fito a ƙasan allo.

Ban damu ba, na saba. Na leƙa bayan kwamfutar, wurin da wayar intanet ke shiga katin netwok, wato sashen da ke haɗa ta da intanet, akwai wata 'yar koriyar fitila da ke ƙiftawa in abu na tafiya daidai, na tarar ta mutu. Na dubi na kusa da mu, wani malamin makaranta yana karanta labarai hankalinsa kwance, ashe ba daga farantin ba ne, kwamfutar nan ce kaɗai. Na zare wayar na mayar, shiru. Na ce a ɗan ɗauke Inna in samu wurin shiga bayan tebur, aka mai da ita benci, ban ma kai ga durƙusawa ba fitilar ta kama. Na miƙe ina karkaɗe hannu kamar ni na gyara, na sake kira, Lawali ya ɗauka, aka dawo da ita kujera, ta mutu. Na ce to ƙafar kujera ce ke taɓa waya, na janye wayar na ɗaure ta a jikin bango. Aka sake, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi, a ɗaga tsohuwa a zaunar, a ɗaga a zaunar, har na ji kunyar kaina, shi kuma Lawali ya rubuto cewa mai intanet ɗin da ya ara zai fita, sai wata Juma'ar.

Na yi fushi ƙwarai ranar nan, na ce kwamfuta ba za ta kunyata ni gaban tsohuwa ba. Washegari tun da safe na hau kanta. Na yanke kan wayar na sake matse sabo, na kawo wata waya daban, na sauya mata rami a jikin akwatin da ke rarraba intanet. Na cire direban katin gaba ɗaya na sa sabo, ban yarda da shi ba na cire na mayar da tsohon da ya zo da ita, don sau da yawa sabon ne ke kawo wannan iskancin. Akwai wani wuri da kwamfuta ke kashe katin da kanta wai don ta tanadi wuta, na shiga na hana ta. Na duba inda take rubuta abin da ya same ta, na ga ta ce an zare waya, alhali waya na nan daram, ni na san ba wanda ya zare. Na bar gwaji yana gudu wuni guda, na sa Baba Bitrus ya zauna a kujerar nan ya jijjiga ta, shi da ya yi biyun Inna a nauyi, ko gezau. Sati guda mutane na hawa kwamfutar nan ba ta yanke ba.

Baba Bitrus ya ce, "Injiniya, ka tabbata ta gyaru? Tsohuwar ga hanya na wahalshe ta."

Na ce, "Baba, in ta sake yankewa ka daina kirana Injiniya."

Juma'a ta zagayo aka kawo ta, wannan karon sai da aka ɗauko ta cak daga mota. Na ce ba gaisuwa yau, a fara da Inna. Na kira ya ɗauka, aka zaunar da ita, fitila ta mutu.  Na ce a mai da ita kan kwamfuta ta biyu. Aka kai ta, na kira daga can, ta biyun ta mutu, ta farkon da ta baro ta kama tana ƙiftawa. Muka bi kwamfutocin shagon nan ɗaya bayan ɗaya, ana jan kujera da tsohuwa a kai, duk wadda ta fuskanta katinta sai ya ɗauke, ta baya ta farfaɗo. Na fito da tawa ta hannu daga jaka, wadda ke kama intanet ɗin shagon ta iska ba da waya ba, na kira, na ga Lawali, na juya ta wajen Inna, katin ya ɓace ɗungum kamar ba a taɓa sa mata shi ba. Na gwada da wayata, ita ma haka. Na ce to a bar hoto, ta yi magana daga inda take, ya ji murya kawai. Ta buɗe baki ta ce "To," kalmar ba ta gama fita ba layi ya tsinke.

Wani cikin masu jiran layi ya sulale ya fita ba sallama. Baba Bitrus ya cire tabarau yana motsa baki, addu'arsa yake yi irin tasu. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga, ina ta danne-danne ba don na san abin da nake nema ba, don dai kada in tsaya. Sai na ji ta taɓa hannuna.

Ta ce, "Ɗan nan, bar wahal da kanka. Ba ƙarhen ga na ba. Ni niy yi."

Na ce, "Inna, me kika yi?"

Ta ce, "Randa yas sai da shanun ga, gaban mutane, tsakar gida, na ɗaga hannu bisa nic ce, wallahi ba ka ƙara ganin huskata, ba ka ƙara jin muryata, har in koma ga Allah. Hushi na, ɗan nan. Hushi na kawai. Ko kwana ban yi ba nis so in maido ta."

Na ce mata, Inna, wannan kati ne da direba, ba ruwansu da rantsuwa. Na faɗa da ƙarfi ma, don ni kaina nake gaya wa. Ta dube ni kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda abin yake a wajen Lawali. Ku tsaya a inda yake ku gani. Yana hira da ƙanwarsa lafiya lau, ana cewa ga Inna nan, sai ya ga an ja kujera, allo ya mutu. Sau ɗaya, sau biyu, har ba adadi. Me za ku ce? Da aka fitar da ita mota muka sake kira, ya dubi Dije idonsa jajir ya ce, "Ke Dije, ku daina yi mani wasa da hankali. In ba ta son ganina ku hwaɗa mani gaskiya, ni na san abin da niy yi." Dije ta yi ta rantsuwa tana kuka, ni ma na sa baki na ce wallahi matsalar na'ura ce, ya ce, "Malam, na'urar da ba ta lalacewa sai uwata ta zamna?" 

Kowa ya koma ya yi abin da ya iya. Su Dije suka je wurin wani malami a Bakura, ya ce rantsuwa ce aka yi da sunan Allah, a yi kaffara, aka dafa shinkafa aka ciyar da miskinai goma, Dije ma ta ƙara da azumi a kanta ko da ba a ce ta yi ba. Ni kuma na ce ban yarda ba sai na sa wani kati daban wanda bai taɓa shaƙar iskar shagon nan ba. Akwai abokina a Maradun da ke da tsofaffin kwamfutoci, ba waya balle in tambaye shi, haka na shiga mota na tafi, a kan hanyar da kowa ya yi shiru a mota yana kallon daji, in an hango masu babur zuciya ta yanke. Na samo kati a wurinsa, na dawo na goge kwamfuta ɗaya tas, na zuba mata komai sabo, na soka katin, na sa masa direbansa na asali, na sa mata sitabilaiza tata ita kaɗai, na hana kowa taɓa ta. Har ƙasa na sa aka haƙa a bayan shago na binne ƙarfe na ja waya, don na fara zargin wutar janareta. Duk abin da na koya tun ina yaron shago sai da na zuba a kan kwamfutar nan.

Zuwanta na uku a kwance aka kawo ta a bayan mota. Ba ta iya zama, sai tabarma aka shimfiɗa, Dije ta tallafe ta a ƙirji, na sauko da allon ƙasa na juya shi gefe. Na kira, Lawali ya ɗauka, ya sa farar riga, ya yi aski. Dije ta ce masa an yi kaffara, yau in Allah ya yarda za a dace. Na yi bisimilla, ni da ban taɓa yi wa kwamfuta bisimilla ba, na fara juya allon a hankali, idona na kan fitilar sabon katin. Tana ƙiftawa, tana ƙiftawa, gefen mayafin Inna ya shigo hoto, kafaɗarta ta shigo, na ji Lawali ya ja numfashi, sai ta mutu. La'ilaha illallahu. Na zauna daɓas a ƙasa da allon a cinyata, wallahi ban taɓa jin ni ba kowa ba ne irin ranar nan. Tsohuwar ta rufe ido, hawaye na bin zanen kumatunta, ta ce, "Ku maishe ni gida."

Daga ranar ba ta sake iya tafiya ba. Ni kuma abin ya hana ni sukuni, ina cin abinci ina tunaninsa, sai dabara ta zo mini, na ce kai, wane irin wawa ne ni, me ya sa sai kai tsaye? In je in ɗauke ta a waya, hoto da murya, in dawo in tura masa kamar kowane saƙo. Na gaya wa Baba Bitrus, ya ce tashi ka tafi yanzu, ya sa aka kai ni Bakura.

Na same ta a ɗakin Dije da hantsi, an jingina ta da filo. Na yi mata bayani cewa ba ya ganinta yanzu, ajiye maganar za a yi a kai masa. Ta ce a gyara mata kallabi. Ta ce mijin Dije da matan da suka zo dubiya su fita, saura ni da Dije. Na ɗaga waya, ina jiran ta mutu, ba ta mutu ba. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce:

"Lawali."

Dije ta toshe baki da mayafi. Daga baya ta gaya mini tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarsu ba, kullum sai dai "wancan" ko "yayanku".

Ta ce, "Lawali, ni ta, uwarka. Na yahe ma, duniya da lahira. Shanu ba komi na ba, da sun tsaya ma da ɓarayi sun kore su. Ni ka yahe mani bakina. Allah shi yi ma albarka, shi maido ka gida lahiya. Lawali, kana jiya ta?"

Ta yi shiru tana jiran amsa, ta manta abin da na gaya mata. Na kashe, na kunna mata ta ga kanta, ya ɗauku tsaf, murya garau. Har ta yi ɗan murmushi ta ce ashe haka ta tsufa. Na fito gidan nan ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

Na iso Mafara ban ko sha ruwa ba na zuba saƙon nata a kwamfuta na danna turawa. Ya fara tafiya, ya ɗan matsa, fitila ta mutu. Ita tana Bakura a kwance, ba kowa a kujerar sai ni. Na soke turawar, fitila ta kama. Na tura masa hoton yaran Dije, ya tafi nan take. Na sake tura nata, ta mutu. Na sauya masa suna, na rage masa nauyi, na cire hoton na bar murya, na yayyanka shi gunduwa-gunduwa, na bi kwamfutocin shagon kaf. Na kira shi na ce ya saurara zan kunna masa daga wayata ya ji ta lasifika, na danna, layi ya tsinke kafin ta buɗe baki. Dije ta aiko mijinta ya tambaya ko ya tafi, don tsohuwar na ta tambaya, na ce ya ce mata ana kan turawa, don gaskiyar ke nan, ban daina ba. Ana cikin haka ya dawo da safe ya ce Allah ya yi mata rasuwa.

Ni na gaya wa Lawali, a kan kwamfutar farkon nan, da tsohon katinta. Ranar layi bai yanke ba ko sau ɗaya, mutanen Dosara da ke Mafara suka yi ta shigowa suna zama a kujerar suna yi masa ta'aziyya har la'asar.

Na ɗauka da ta rasu abin zai saki. Bai saki ba. Bayan an buɗe layukan waya na gwada daga Mafara, na gwada daga Gusau, na ba Dije ta gwada da tata. Kowa aka tura wa yana samu, ban da Lawali. Ƙarshe ya ba ni lambar wani abokin zamansa, ɗan Gidan Goga, na tura masa, ya shiga lafiya. Mutumin ya kalla a bakin titi har ya yi hawaye, ya ruga ɗaki ya miƙa wa Lawali, waya ta ɗauke. Ya fita da ita ta kama, ya dawo ta ɗauke. Sai dai ya zaunar da shi ya gaya masa da baki, ga abin da ta ce, ga abin da ta ce, kuma ta kama sunanka.

Ran nan ina cikin gyara a wani ofis sai ga kiran Lawali. Ba gaisuwa, ba komai, ya ce, "Malam, gaskiya na ta kama sunana?"

Na ce, "Wallahi ta kama, ina riƙe da wayar."

Ina jin motoci na wucewa a can. Ya ce, "Ƙaƙa tac ce shi? Ban taɓa ji ba. Don Allah kwatanta mani yadda tac ce."

Na fita waje na tsaya a gindin wata bishiya, ni ƙato da gemuna, na sassauta murya, na ja shi a hankali yadda ta ja shi, na ce, "Lawali." Na ji ya ajiye wani irin numfashi. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara.

Har yau ban san me ya faru a shagon nan ba. Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, wani ya ce direba ne, wani ya ce wuta ce, na ce to, don ban da ƙarfin musu kuma. Na tambayi malamai, wani ya ce ai tun da ta yafe ya yafu ko bai ji ba, na yarda da wannan, ina kuma fatan haka ne. Abin da zan roƙe ku kawai, iyaye, in rai ya ɓaci ku tashi ku bar wurin kafin ku ɗaga hannu sama a kan 'ya'yanku. Ku kuma da ke nesa da gida kuna da magana a tsakaninku da tsofaffinku, kada ku jira sai jiki ya ƙi. In kuwa Allah ya sa layi ya shiga, ku fara da abin da ya tara ku, a ajiye kunya, gaisuwa ta biyo baya.

Lawali yana can har yanzu, bai dawo ba. Duk sallah yakan kira ni, mu gaisa sama-sama, sai ya yi shiru, ni kuma na san abin da yake jira. Sai in nemi inda ba mutane in faɗa masa. Tsigar jikina na tashi duk lokacin da na yi, don kullum ji nake yau layin zai tsinke, amma da muryata bai taɓa tsinkewa ba.